Riƙo da Ciyarwa Bayan Saki a Ƙasar Haɗeja: Nazarin Alƙaluma

Ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ta ba Jihar Jigawa mutum kimanin miliyan 4.4 a ƙananan hukumomi 27. Takwas daga cikinsu ne ke ƙarƙashin Masarautar Haɗeja: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Idan aka haɗa su, jama'arsu ta haura miliyan ɗaya, wato fiye da rubu'in jihar, alhali ƙaramar hukumar Haɗeja ita kaɗai tana da kimanin 105,000. Ke nan yawancin gidajen masarautar suna ƙauyukan da ke bin kogi da fadama, inda abinci ke fitowa daga gona da ruwa, albashi kuwa na 'yan tsiraru ne. A kan wannan ƙasa za a ɗora sauran alƙaluman.

Binciken yawan jama'a da lafiya na 2018, wanda aka fi sani da NDHS, ya samu kashi 70 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da aure, kashi 25 ba su taɓa yi ba, kimanin kashi 3 kuma aurensu ya mutu ta hanyar saki ko rabuwa. Wanda ya tsaya a kan wannan 3 zai ɗauka saki abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Amma abin da ma'aikaciyar bincike ke rubutawa shi ne matsayin mace a ranar da ta same ta. Wadda aka saka bara, ta gama idda, ta yi zawarcin wata shida, ta sake aure, za ta shiga layin masu aure, ko da 'ya'yanta biyu suna gidan tsohon mijinta. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta buga tarihin rayuwarta a 1954, aure huɗu ta yi, kuma a yawancin kwanakin rayuwarta da cikin masu aure za a lissafa ta.

Ma'aunin da ya fi kusa da gaskiya shi ne wanda ke bin aure tun daga ɗaurinsa. Shelley Clark da Sarah Brauner-Otto sun yi haka a nazarin da suka wallafa a 2015 kan ƙasashe 33 na Afirka kudu da Sahara, inda suka samu kusan kashi 25 cikin 100 na auren fari yana ƙarewa da saki kafin ya cika shekara 20. Tazarar da ke tsakanin ƙasashe ta tashi daga kashi 7 a Mali zuwa kashi 47 a Kongo Barazabil. Bambancin 3 da 25 bambancin tambaya ne: ta farko tana ƙirga zawarawan yau, ta biyu tana ƙirga auren da ya mutu. Yaran da iyayensu suka rabu suna bin lissafi na biyu, domin sabon auren uwa ba ya mayar da ɗanta ƙarƙashin rufi ɗaya da ubansa.

Akwai kuma zawarawa miliyan ɗaya, adadin da ya fi kowane yawo a bakin jama'a. Ya samo asali ne daga tattakin zawarawa miliyan da ƙungiyar Hajiya Altine Abdullahi ta shirya yi a Kano a farkon 2009, wanda Hukumar Hisba ta hana. Suna ne na gangami, an zaɓe shi don ya ja hankali, kuma ya ja. Matsayinsa a lissafi bai wuce nan ba.

Alƙalamin da ya fito daga takardun kotu shi ne kashi 51 cikin 100. Sarki Muhammadu Sanusi II ya bayyana shi a wani taro a Jami'ar Bayero a Disambar 2024, daga binciken digirinsa na uku a kotunan Shari'a tara na Kano: a cikin shekara biyar, sama da rabin ƙararrakin da ya duba na ciyarwa ne. Adadin ya haɗa matan da ke cikin aure da waɗanda aka saka, kuma na Kano ne. Sai dai Jigawa daga Kano aka cire ta a 1991, mazhabar Malikiyya ce a duka biyun, littattafan da alƙalai ke buɗewa kuma iri ɗaya ne. Abin da adadin ke nunawa shi ne cewa rigimar iyali da ke kaiwa gaban alƙali, rabinta ta abinci ce, da sutura, da magani. Kuma kotu ita ce matakin ƙarshe. Kafin a kai can an riga an bi ta dangi, da liman, da mai unguwa, wani lokaci da ofishin Hisba.

Yawan yaran da abin ya shafa yana bin yawan haihuwa. NDHS ta 2018 ta ba Jigawa haihuwa 7.1 ga kowace mace a tsawon rayuwarta, a kan 5.3 na ƙasa baki ɗaya, 3.4 na Legas, da 7.3 na Katsina wadda ke kan gaba. Binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin ƙasa ya sauka zuwa 4.8. A jihar da mace ke haihuwa bakwai, auren da ya kai shekara biyar da wuya ya mutu bai bar yaro ɗaya ko biyu ba.

Shekarun aure ma suna cikin lissafin. A Arewa maso Yamma, rabin mata 'yan 25 zuwa 49 sun yi auren fari kafin kimanin shekara 16, in ji NDHS ta 2018, alhali tsaka-tsakin ƙasa ga mata 19 ne, ga maza kuwa kusan 28. Macen da ta yi aure a 16 aka sake ta a 21 tana da shekarun haihuwa sama da ashirin a gabanta. Sake aure a wurinta kusan tabbas ne, kuma da shi ne maganar wanda zai riƙe yaran ke sake tasowa, bayan an zaci an gama ta.

Alƙaluma biyu na NDHS ta 2018, idan aka jera su, suna ba da wani haske. Tsaka-tsakin tazarar haihuwa a Nijeriya wata 31 ne, tsaka-tsakin shayarwa kuwa wata 18 da rabi. A ƙara wata 9 na ciki a kan shayarwa, an samu wata 27 da rabi daga cikin 31. Lissafi ne na kai-tsaye, bai cire matan da ba sa haihuwa ba, amma ya isa ya nuna cewa mace mai tsakiyar shekarun haihuwa kusan kullum ko tana da ciki ko tana da goyo. Saboda haka takardar saki, wadda sau da yawa layi biyu ce a fallen littafin makaranta, tana samun mace ne a daidai lokacin da shari'a ta fi ɗaure uba da nauyi.

Nauyin yana da nasa adadi a fiƙihun Malikiyya. Idda tsarki 3 ce ga mai al'ada, wata 3 ga wadda ba ta yi, mai ciki kuwa sai ta haihu. A sakin da ake iya kome, ci da sha da wurin zama suna kan miji har idda ta cika. Mai ciki tana da ciyarwa ko da sakin ya yanke. Cikar shayarwa shekara 2 ce, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta kafa, kuma wadda sakinta ya yanke tana iya neman ladan shayar da ɗan. A aikace, mace kan kwashe kayanta zuwa gidan iyayenta ranar da aka ba ta takarda, sai ciyarwar idda ta koma kan mahaifinta ko yayanta ba tare da kowa ya kira ta bashi ba.

Bayan yaye ne shari'a da al'ada ke rabuwa. Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, waɗanda ake karantawa a zaurukan malamai kuma ake hukunci da su, sun bar wa uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare, ciyarwa kuma tana kan uba duk tsawon lokacin. Al'ada ta fi karkata ga cewa ɗa na uba ne, a karɓe shi da zarar an yaye shi ko ya ɗan tasa. Tsakanin shekara 2 ta yaye da kimanin 15 ta balaga akwai shekara 13. Waɗannan su ne shekarun da ake ja-in-ja a kansu, kuma su ne shekarun makarantar allo, da firamare, da zazzaɓin damina.

Idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, haƙƙin riƙo yana barin hannunta, amma ba ya tsallakawa kai-tsaye zuwa uba. Jerin Malikiyya ya sa kakar wajen uwa a gaba, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a waiwayi dangin uba. A nan ne shari'a ta yi daidai da abin da ake gani a ƙauyuka. Haɗin kan iyaye bayan saki da wuya ya zama na mutum biyu. Na uku yana nan, kuma yawanci kaka ce. Ita ake kai wa buhun shanshera bayan girbi, ita ke aika yaro ya gaida ubansa ranar Juma'a, ita ke karɓar kayan sallah ta aika wa uwa labarin sun iso ko ba su iso ba. Tsoffin ma'auratan na iya shekara ba su yi magana ba, uwar tana cewa uban su wane, shi yana cewa uwar su wane, alhali lissafin yaron yana tafiya ta bakin tsohuwa. Inda babu kaka, zaɓin ya rage biyu: yaro ya bi uwa ya zama agola, ko ya koma gidan uba.

Nisa ma an yi masa adadi. Muhtasar ya sa iyaka a baridi 6, wato mil 72 a lissafin malamai, sama da kilomita 100. Idan uba zai yi ƙaura ta zama zuwa wuri mai wannan nisa yana da damar tafiya da ɗansa, sai in uwar ta yarda ta koma can. Idan uwa ce za ta yi ƙaurar, riƙo ya faɗi daga hannunta. Kano ta fi wannan nisa daga Haɗeja. Tafiyar fatauci ko ta ci-rani ba ta shiga hukuncin ba, don haka uban da ya tafi neman kuɗi bayan kaka ya dawo da faɗuwar damina bai sami hujjar ɗauke yaro ba, kuma ciyarwa ba ta sauka daga kansa ba.

Gidan uba kuwa da wuya a same shi ba mace. Kashi 31 cikin 100 na matan aure a Nijeriya suna da kishiya, in ji NDHS ta 2018, kuma kashi 13 na mazan aure suna da mace fiye da ɗaya. Arewa ta fi kudu a duka biyun. Yaron da aka ce ya koma hannun ubansa, a zahiri hannun matar uba ya koma, ita ke zuba masa tuwo, ita ke lura ko jikinsa ya yi zafi. Yarjejeniyar da aka ƙulla a zaure tsakanin maza, mace ce da ba a tambaye ta ba ke aiwatar da ita a tsakar gida.

Daga nan sai ƙarfin aljihu. Rahoton talauci na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sa layin talauci a naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, kimanin naira 11,450 a wata. A lokacin, kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ƙasa da layin. A Jigawa kashi 87 ne, ita ce ta uku bayan Sakkwato da Taraba. Kano tana da 55, Legas ƙasa da 5. Ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa da hukumar ta fitar a 2022, wanda ya duba lafiya, ilimi, muhalli da aiki, ya ba Jigawa kashi 84 a kan 63 na ƙasa. Ma'auni biyu daban-daban sun tsaya kusan wuri ɗaya: cikin kowane mutum goma a jihar, takwas zuwa tara suna cikin rashi, kuma uban da ake bi ciyarwa da kakar da ke riƙo duk suna cikin wannan goma.

Mafi ƙarancin albashi na 2019 naira 30,000 ne. A raba shi da 11,450, ya ba da 2.6. Wato ma'aikacin da ke kan wannan albashi bai iya ɗaga mutum uku sama da layin talauci ba, har da shi kansa. Wannan ba ya wanke uban da ke da hali ya ƙi. Yana dai nuna cewa abin da ake rabawa tsakanin sabon gida da tsohon ɗa ɗan kaɗan ne tun asali, kuma wanda ba ya gaban ido shi ke fara rasa rabonsa.

A ƙasar Haɗeja kuɗi ba wata-wata yake zuwa ba. Shinkafa da gero da dawa suna shigowa da kaka, alkamar rani wajen Maris da Afrilu, kifi kuma yana bin cikar ruwa da janyewarsa. Littafin da Edward Barbier da abokan aikinsa suka rubuta wa hukumar Ramsar a 1997 ya nuna filin da ambaliyar shekara ke shafa a fadamar Haɗeja da Nguru ya ragu daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970 zuwa hekta 70,000 zuwa 100,000, sakamakon fari da madatsun ruwa, musamman Tiga ta 1974, sannan Challawa ta biyo a 1992. Daga baya kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani ya nutse. A 2022, ambaliyar da gwamnatin tarayya ta ce ta kashe mutum sama da 600 ta kuma raba fiye da miliyan 1.3 da gidajensu ta yi wa Jigawa ɓarna ƙwarai. Alƙali kan yanka ciyarwa a kan wata, manomi kuwa samunsa sau biyu ne ko uku a shekara. Shi ya sa sulhun da ke ɗorewa a ƙauye ya fi zama na hatsi: buhu kaza da kaka, tufafi da sallah, kuɗin magani idan ciwo ya taso. Shekarar da ruwa ya ci gona, duka ukun suna tsayawa tare.

Hanyar isar kuɗin ma tana da adadi. A 2018 kashi 22 cikin 100 na matan Nijeriya ne ke da asusun banki, maza kashi 39. Wayar hannu kuwa mata kashi 55, maza kashi 81. Waɗannan na ƙasa ne gaba ɗaya, birni da ƙauye, kuma karkara tana ƙasa da haka. Inda uwa ba ta da asusu, kuɗin yana bi ta hannun ƙanenta, ko direban mota ranar kasuwa, ko mai POS. Kowane hannu da aka ƙara yana ƙara jinkiri, yana kuma buɗe ƙofar musu: ya ce ya aiko, ta ce ba ta gani ba, babu takardar da za a nuna.

Takardar yaron kansa ma ba kowa ke da ita ba. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da UNICEF, ya samu kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar an yi musu rajistar haihuwa a Nijeriya. A Jigawa kashi 24 ne, Sakkwato ce kaɗai ke ƙasa da ita, Legas kuwa tana da 94. Yaro uku cikin huɗu ke nan a Jigawa ba su da takardar hukuma mai ɗauke da ranar haihuwa da sunan uba. Jigawa ta sa hannu kan dokar kare yara a Disambar 2021, zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, shekara 18 bayan dokar tarayya ta 2003, kuma tanade-tanaden irin wannan doka a kan shekarun yaro suke ratayuwa.

Shekarun da ake wannan ja-in-ja su ne mafiya hatsari ga yaro. NDHS ta 2018 ta ƙiyasta cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Jigawa, 213 ba sa kai shekara biyar, a kan 132 na ƙasa: sama da ɗaya cikin biyar. Kashi 64 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara biyar a jihar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, alhali na ƙasa kashi 37 ne. Kebbi ce kaɗai ta wuce Jigawa a tsumburewa.

Shelley Clark da Dana Hamplová sun auna alaƙar wannan hatsari da matsayin auren uwa a mujallar Demography a 2013, a ƙasashe 11 har da Nijeriya. A tara daga cikinsu, yaron da auren uwarsa ya ƙare, ta saki ko ta rasuwar miji, hatsarin mutuwarsa kafin shekara biyar ya ɗara na mai iyaye tare da kimanin kashi 29 zuwa 75 cikin 100, daga Zambiya zuwa Kenya. 'Ya'yan waɗanda aka saka su ne suka fi shan wahala, fiye da marayu. Maraya yana da dangin da ke jin nauyinsa da al'ummar da ke tausaya masa. Ɗan bazawara ana ɗauka yana da uba, sai kowa ya bar wa uban.

Gwajin da ya fi kusa da ba da amsa kan ciyarwa an yi wani ɓangarensa a cikin masarautar kanta. Shirin tallafin renon yara da Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar da kuɗin gwamnatin Birtaniya daga 2013 zuwa 2019 ya shiga ƙananan hukumomi biyar: Anka da Tsafe a Zamfara, Buji da Gagarawa da Kirikasamma a Jigawa. An riƙa ba mace naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, tun tana da ciki har ɗan ya cika shekara 2, tare da wayar da kai kan shayarwa da abinci. Naira 4,000 kusan sulusin layin talaucin mutum ɗaya ne na 2019. Nazarin da Pedro Carneiro da Imran Rasul da abokansu suka buga a mujallar American Economic Review a 2021 ya samu tsumburewa ta ragu da kashi 8 cikin 100 bayan shekara huɗu, mata sun ƙara sana'a, sun sayi dabbobi, samun gida ya ci gaba bayan an daina biya. Shirin ba na zawarawa ba ne. Amma abin da masu nazarin suka jaddada shi ne tabbacin zuwan kuɗin: mace ta san ranar, ta san adadin, kuma hannunta yake shiga. Waɗannan uku su ne ainihin abin da ciyarwar bayan saki ke rasawa.

Wani abin da hukuma ke kashe wa kuɗi a yankin kuwa sabon aure ne. Kano ta fara auren zawarawa a 2012 da ma'aurata 100 a ƙarƙashin Hukumar Hisba, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, adadin ya kai 1,111 a biki ɗaya a 2013. A Oktobar 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura auren gata 1,800, zawarawa da 'yan mata, a kan naira miliyan 854 da aka amince da su. Kowane aure ya tashi a kan kimanin naira 474,000, kwatankwacin mafi ƙarancin albashin wata 16 na lokacin. Kuɗin na sadaki ne, da kayan ɗaki, da jari. Ta fuskar fiƙihu, ranar da bazawara mai 'ya'ya ta tare ita ce ranar da riƙonsu ke barin hannunta, don haka kowane irin wannan biki yana tura wasu yara zuwa ɗakin kaka ko na matar uba.

Inda aka samu hukuncin kotu ma, adadin da aka yanka yana tsayawa wuri ɗaya, kasuwa tana tafiya. Hukumar Ƙididdiga ta sa hauhawar farashin abinci a kashi 40.9 cikin 100 a Yunin 2024, shekara guda bayan cire tallafin man fetur. A wannan ma'auni, naira 10,000 da aka yanka wa uba a Yunin 2023 tana sayen abin da naira 7,100 ke saye a lokacin da aka yanka ta, bayan wata 12 kacal. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024 ta hanyar doka guda. Kuɗin ciyarwa ba ya tashi sai uban ya ga dama, ko uwar ta biya kuɗin mota ta koma gaban alƙali ta nemi ƙari.